Na rage cefane don in ciyar da gwauruwa, maigida ya ce sata ce

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Kafanchan, albashina naira 45,000. Maigidana ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. 'Ya'yanmu uku, auta har yanzu yana shan nono. In an yi albashi yakan ba ni 60,000 na cefanen wata, in cika da nawa. A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa gwauruwa da ta gudo daga ƙauyensu bayan an kai musu hari, tana riƙe da jikoki biyu. Wata rana na leƙa na tarar da yaran suna kankare ƙanzon tukunya da cokali, shi ne abincinsu na ranar. Ban yi barci ba daren nan. Wata uku ke nan ina rage cefane. Na daina sayen nama da kifi, na rage manja, ƙwan da yara ke ci ranar Lahadi na soke shi, ni kuma na bar cin abincin rana. Abin da ya ragu, wajen 8,000 a wata, sai in auno mata masara da wake. Ban gaya wa maigida ba, tun da Ubangiji ya ce kada hagu ta san abin da dama ke yi. Makon jiya ya ji labari a bakin mai shagon unguwarmu, wanda ke bin mu 14,000. Ya ce sata na yi, gida bai ƙoshi ba ina kai wa dawa. Yau kwana biyar bai taɓa abincina ba. Ga shi kuma a Zumuntar Mata ta majami'armu an yanke ankon 12,000 na taron ƙarshen shekara. Mama, zunubi na yi? Ko dai talaka ba shi da rabo cikin bayarwa?

Uwar 'ya'ya uku, Kafanchan

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke da gidanki.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Da farko idona ya tsaya a kan yaran nan da cokalinsu, har na ajiye takardar na yi shiru. Da na sake karantawa sai ya tsaya a kan ƙwan Lahadi.

Abin da ya hana ki barci daren nan ba zunubi ba ne, kada ki bar kowa ya kashe miki shi. Mutane nawa ne a layinku suka ga tukunyar nan suka ce Allah ya kawo sauƙi suka wuce? Kalmar sata ma ta yi nauyi, domin ba zani kika saya ba, ba kuma gidanku kika kai ba. Amma tun da ni kika tambaya, zan faɗa miki abin da na gani: cikin 8,000 ɗin nan kaɗan ne naki. Ƙwai da kifi na yara ne. Naman miya, maigida na da rabo a ciki, da guminsa aka saya. Wani ɓangare kuma na mai shago ne, domin duk naira da ta fita daga gidan da ake bi bashi, mai bin bashin yana da ido a kanta, shi ma kuwa talaka ne da ke jiran ciniki ya ciyar da nasa. Abincin ranarki ne kaɗai za ki iya cewa naki, shi ma ɗin auta yana da haƙƙi a ciki muddin yana kama nono. Kin yi kyauta da zuciya ɗaya, sai dai aljihun mutum huɗu kika zura hannu, ba kuwa wanda kika tambaya.

Ayar da kika riƙe, Matiyu 6:3, ki karanta ta tun daga farkon surar. Yesu yana magana ne a kan masu busa ƙaho a majami'u da tituna in za su ba da sadaka, don a yabe su. Ɓoye alheri daga idon masu yabo ake nufi. Mijin da ya ba ki amanar kuɗin cefane ba ya cikinsu. Na san wata za ta ce ai Abigel ma ta ɗebi gurasa 200 da tumaki biyar ta kai wa Dawuda ba da sanin mijinta Nabal ba. Haka ne, yana nan a 1 Sama'ila 25. To amma mutum 400 ne ɗauke da takuba suka nufo gidanta, kuma da gari ya waye ta gaya wa mijin komai da bakinta. Ke wata uku kika yi, kuma a kanti ya ji. Ki ɗan tsaya a inda ya tsaya: namiji ya je sayen sabulu, mai shago ya ce masa a gaban mutane, "Madam tana auna wa wasu masara, nawa kuma shiru." Ina ganin wannan kunyar ce ta hana shi cin tuwonki, ba kuɗin ba. Macen kirki ta Karin Magana 31, wadda muke rera wa waƙa a kowane taron Zumunta, an ce tana buɗe hannunta ga matalauta. A surar nan ɗaya an ce zuciyar mijinta ta amince da ita, tana kuma tashi tun da duhu ta ba iyalinta abinci. Duka ukun a jikin mace ɗaya suke.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ta fi damuna, domin ba ke kaɗai ke yin ta ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, komai na kasuwa kuma ya bi ta. A tsakiyar 2024 alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna farashin abinci ya tashi da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. An mai da mafi ƙarancin albashi 70,000 a watan Yulin shekarar, ga shi ke malama guda ko shi ba ki kai ba. Mata da yawa da na sani, waɗanda a da ba a fita gidansu hannu wofi, yanzu in sun ji sallama gabansu faɗuwa yake yi. Wasu har sun daina zuwa sujada ranar godiya don kada a ga abin da suka riƙo.

Talaka yana da rabo. Ikilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya yi fahariya da su a 2 Korantiyawa 8 cikin matsanancin talauci suke, su ne kuwa suka roƙe shi ya bar su su sa hannu a gudummawar 'yan'uwa na Urushalima. Sai dai ki ci gaba da karatu zuwa aya ta 12 da ta 13, inda masu wa'azi ba su cika isa ba. Bulus ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Ya ƙara da cewa ba nufinsa a sauƙaƙa wa waɗansu ku kuma ku shiga ƙunci ba, so yake a daidaita. Ya kawo misalin manna a jeji, inda wanda ya tara da yawa bai yi saura ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba. Cire ƙwai daga bakin yara uku a mai da shi masara a bakin yara biyu ba daidaitawa ba ce, yunwar ce kawai ta sauya ɗaki.

Gwauruwa mai anini biyu fa? Ita ce ake tsorata mu da ita duk ranar neman gudummawa. Yesu ya yabe ta, babu shakka. Amma nata ta bayar, abin da ita za ta ci. Kuma a Markus 12, dab da labarinta, Yesu ya gama la'antar malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna dogayen addu'o'i. Duk mai wa'azin da ya ce ki kawo kuɗin abincin yara ki "shuka iri" don Allah ya ninka miki, ki tuna masa da wannan ayar. Ni ma an taɓa kama ni. Shekarun baya a wani taron gina majami'a aka riƙa kiran suna ana tafi, kunya ta sa na ɗaga hannu na yi alkawarin abin da ba ni da shi. Kwasar adashena ta tafi a kai, kuɗin makarantar ɗana ya makara zango guda. Ban ji farin cikin bayarwar nan ko na minti ɗaya ba, kuma har yau ban yarda Allah ne ya nemi kuɗin ba. Tafin ne ya neme shi.

Hanyar da kika kama, wato ki rage ci domin wani ya ci, tsohuwar hanya ce ta masu bi, ba ke kika fara ba. Ishaya 58 ya ce azumin da Allah yake so shi ne ka raba abincinka da mayunwaci. A ƙarni na 2 wani masani Kirista na Atina, Aristidis, ya rubuta wa sarkin Roma bayanin halin Kiristoci. Ya ce in akwai mabukaci a cikinsu, su kuma ba su da rarar abinci, sukan yi azumin kwana biyu ko uku don su ba shi abin da da za su ci. Wani littafi da masu bi na Roma ke karantawa a zamanin, Makiyayi na Harmas, ya ma faɗi yadda ake yi: ranar azuminka ka ci gurasa da ruwa kawai, ka lissafa kuɗin abincin da da za ka ci, ka miƙa shi ga gwauruwa ko maraya ko mabukaci. Lissafin nan shi ne ya burge ni. Rage ci kaɗai ba alheri ba ne, marowaci ma yana rage ci, har ya fi mu iyawa. Abin da ya raba su shi ne daga bakin wa aka rage, da saninsa ko babu, kuma hannun wa abin ya shiga. Su mutanen nan cikinsu suka ɗaure, da yardarsu, na kwana ƙidayayyu.

Bari in ba ki labarin mahaifiyata. A ƙauyenmu na ƙasar Zazzau tana da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gefe, a rataye a ragaya bayan ƙofa. Duk sa'ad da ta auno dawar tuwo, kafin ta zuba a turmi, sai ta sa hannu ta ɗebi dintsi ɗaya ta jefa a ƙwaryar. Ba ta addu'a mai tsawo a kai, wani lokaci ma tana yi tana yi mana faɗa. Mu takwas ne ke cin tuwon, ba wanda ya taɓa jin malmalarsa ta ragu. Babanmu ya sani, shi ya sa mata suna ƙwaryar baƙo, in ya ga ta cika yakan ce, "Wa ke da rabo wannan karon?" A farin 1973, da mutane suka riƙa gangarowa daga arewa da 'ya'yansu da 'yan komatsansu, daga ƙwaryar nan aka yi wa wata mata da goyonta kunu har sati uku. Na girma kafin na ji cewa matan ikilisiya a jihar Mizoram, can arewa maso gabashin Indiya, suna yin irin wannan da shinkafa tun wajen 1910. Suna ce masa Buhfai Tham, dintsin shinkafa ke nan a harshensu. Kowace mace takan ware dintsi in za ta ɗora tukunya, a tara a kai majami'a, a sayar a yi aikin Ubangiji da kuɗin, kuma har yau ba su daina ba.

Na auna da hannuna don kada in faɗa miki abin da ban gwada ba. Dintsina kamar 25 zuwa 30 ke cika mudu. In kina girki sau biyu a rana, kin tara mudu biyu ke nan a wata. Na san abin da za ki ce: mudu biyu ina zai kai tsohuwa da yara biyu? Ba zai kai ba. Amma 8,000 ɗinki ma ga shi ta tsaya a wata na uku, ta kuma bar miki gida a hargitse. Mudu biyu za ki iya shekara goma kina ba da shi. Sauran kuma ba a kanki kaɗai yake ba, zan zo kan wannan.

Kafin komai, ki mayar wa yara ƙwansu. In ƙwai ya yi tsada, waken suya yana nan, ki yi awara ko ki gauraya garinsa a kunu, ga gyaɗa, ga wake, ga zogale. Yaro mai tasowa ba a yi masa tsimi a wannan wajen, abin da ya rasa yanzu ba ya ramuwa daga baya. Ke ma ki koma cin abincin rana har ki yaye auta. Mai shayarwa da ke tsaye gaban allo tun safe ba ta da azumin da za ta bayar. In kika faɗi a aji, kuɗin asibiti zai cinye na masarar shekara guda.

Sa'an nan ki duba abin da yake naki ke kaɗai, wanda in kin bari ba wanda zai rame. Ba zan lissafa miki ba, kin fi ni sanin jakarki. Amma mu mata mun san inda 'yan ɗari biyu-biyu ke zurarewa: datar da ke ƙarewa a kallon bidiyo, lemon kwalba bayan an tashi sujada, acaɓa zuwa inda ƙafa za ta kai, ƙarin gashi inda kitso zai wadatar. A madafa ma akwai abin tsinta. Waken da aka jiƙa tun dare ba ya cin gawayi kamar wanda aka zuba a bushe, tuwon da ya kwana kuma ɗumame ne, ba na kaji ba. Yesu da ya ciyar da mutum 5,000 ma cewa ya yi a tattara gutsattsarin kada kome ya lalace, aka cika kwando 12. Sai dai ki yi yadda Harmas ya ce. Ranar da kika taka da ƙafa, ki cire kuɗin acaɓan nan take ki jefa a gwangwani. In kika bar shi a jaka, kafin yamma ya zama magi.

Abin da ya taru a gwangwanin, wata biyu na farko mai shago za ki kai wa. Ki je da kanki, ki ba shi abin da ya samu, ki faɗa masa ranar da za ki cika. Dintsin hatsi kuwa ya ci gaba da zuwa bayan gida, kada tsohuwa ta ga an yanke mata gaba ɗaya.

Anko kuma, a ganina ki bar shi bana. Na yi shekara fiye da 30 a Zumunta, akwatina cike yake da zannuwan da na ɗaura sau ɗaya. Muna da zanen Zumunta da kowa ta riga ta mallaka, me ya hana a fita da shi? Ki sami shugabarku a keɓe, ba a tsakiyar taro ba, ki ce, "Mama, bana ba zan iya anko ba, zan zo da zanen Zumunta." Za ki sha mamakin yawan matan da ke jiran wata ta fara faɗa. A zaman nan kuma ki gaya mata labarin tsohuwar. Riƙon gwauraye aikin ikilisiya ne tun farko. A Ayyukan Manzanni 6, gunaguni a kan rabon abincin gwauraye na kullum ne ya sa aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, Istifanas yana cikinsu. In mata 40 suka ajiye ƙwarya a bayan ƙofa, mudu 80 ke nan a wata, ba wadda mijinta zai daina cin tuwonta. Ko tsohuwar 'yar majami'arku ce ko ba ita ba ce, ko ma ba Kirista ba ce, wannan bai shigo ciki ba. Dattawa su san da zamanta, a kuma bincika ko tana da dangin da za a nemo, a ga yadda jikokin za su shiga makarantar gwamnati.

Ki kula da yadda kike ba ta. Wadda ta yi noma ta cika rumbu da hannunta, karɓar awo a leda kowane wata yana ci mata rai ko ba ta faɗa ba. A Littafin Rut, Bo'aza mai gona bai kira Rut, gwauruwa mai kala, ya auna mata sha'ir a gaban jama'a ba. Ya ce wa masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dami suna yarwa don ta tsinta, kada kuma wanda ya tsawata mata. Ki tambayi Kaka abin da hannunta ya iya. Wataƙila daddawa ce, wataƙila tsintar wake ko surfe, wataƙila ta riƙe miki auta sa'ad da kike makaranta. In ta yi, abin da kika ba ta ya zama ladan aikinta, ta ci da kai a ɗage.

Saura maigida, shi ne kuma na yau ɗin nan, kada ki bari a kwana na shida. Ki yi miyar da ya fi so, ko da kifin 500 ne a ciki. In yara sun kwanta ki same shi. Kada ki shiga da aya a baki, wanda ke fushi in aka karanta masa Littafi ji yake an kai shi ƙara. Ki kira shi yadda kika saba, ki ce, "Baban yara, na yi kuskure da na taɓa kuɗin cefane ban gaya maka ba, har ka ji a waje. Ka gafarce ni. Na mayar da komai yadda yake, bashin shago kuma ni zan biya daga albashina." Ki tsaya nan. Kada ki ce "amma". In ya huce, ko gobe ko jibi, sai ki roƙe shi abu ɗaya: ya raka ki ku gai da tsohuwar. Mutumin da ya ji labarin 8,000 daban yake da wanda ya ga tukunyar da idonsa. Daga nan ki kawo maganar ƙwarya, ki bar shi ya sa baki a kan nawa da yaushe, ko da abin da ya yanke bai kai yadda kike so ba.

In ya ce daga cefane ko ƙwaya kada a taɓa, ki bi. Gwangwaninki na nan, albashinki ne, shi ma ɗin ki yi shi a fili yana gani. In kuwa kwana ya ƙara tafiya bai sauko ba, ki nemi wanda ya tsaya muku a aure ko matar fasto su zauna da ku, kada maganar ta fara zagaya unguwa.

Ki sake rubuto mini bayan wata biyu. Ina so in ji ko an biya mai shago, da abin da shugabar Zumunta ta ce. Ki gai da Kaka da jikokinta.